Hasken Lesa da Carbin Murjani



Kowace shekara alhazanmu kan komo da tsarabar carbi. Wani ya biya kuɗin murjani, alhali gilashi ko roba aka rina masa. A da, mai shakka yakan ɗiga ruwan lemun tsami, murjani ya yi kumfa, ko ya ɗosana allura mai zafi, roba ta narke. Ko ta yaya dai an lahanta ƙwayar.

A 1928 masanin nan na Indiya, C. V. Raman, ya gano cewa idan haske ya faɗa kan abu, ɗan kaɗan daga cikinsa yakan komo da launi dabam, gwargwadon sinadarin abin. Ƙera lesa a 1960 ya sauƙaƙa wannan awo. Jan murjanin Bahar Rum sinadarinsa irin na dutsen farar ƙasa ne, launinsa kuwa halittacce. Na'ura takan rarrabe shi da rinanne ba tare da ko ƙwarzane ba.

Ladan tasbihi ba ya bin tsadar carbi, amma algus zalunci ne. Mu da talakawa suka ɗauki nauyin karatunmu, wajibinmu ne mu kai wannan ilmi kasuwa.