Ma'aunin Masanin Binciken Lafiya: Jawabi a Taron Shekara na Ƙungiya



An nemi in yi bayani a kan yadda ake auna masanin binciken lafiya. A zamaninmu na kwalejin horon malamai, jarrabawa ce ke raba gardama. A jami'a kuwa abu biyu ake dubawa: yawan maƙalun da mutum ya buga a mujallun da masana ke tacewa, da kuma sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da su. A shekarar 2005 wani masani a Amurka, Jorge Hirsch, ya dunƙule biyun a lamba guda. In aka ce lambarka 20, to kana da maƙalu 20 waɗanda aka ambaci kowacensu aƙalla sau 20.

Bari in kawo misalin da ya shafi manominmu. Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero, Kano, ya daɗe yana bincike a kan saran maciji. Yana cikin waɗanda suka gwada maganin dafin kububuwa a asibitin Kaltungo, aka buga sakamakon a 2010. A 2015 shi da abokan aikinsa suka ƙididdige irin asarar rayuka da naƙasa da maciji ke jawowa a Afirka ta Yamma. Irin waɗannan rubuce-rubuce na cikin hujjojin da aka tara har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji a jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, a 2017.

Dattawan cikinmu za su tuna da likitocin Liverpool da na Jami'ar Ahmadu Bello da suka zauna a ƙasar Malumfashi cikin shekarun 1970. Sun binciki tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran gamsheƙa, suka buga jerin maƙalu da sunan Malumfashi, har yau ana ambatonsu. Jinin da fitsarin da aka auna na mutanenmu ne da maƙwabtanmu. Mu nawa a wannan zaure muka taɓa ganin shafi ɗaya daga ciki?

Sai dai ma'aunin na da gurgunta. Mai binciken ciwon daji a Ingila yana da dubban abokan fage da za su ambace shi. Mai binciken maciji kuwa abokansa ƙalilan ne, komai ingancin aikinsa. Akwai kuma masu yawan ambaton kansu, da mujallun bogi masu buga komai in an biya kuɗi. Saboda haka in ɗanmu ya zo da lambarsa, mu taya shi murna, sannan mu tambaye shi wace cuta aikinsa ya taɓa a Masari ko Mahuta.

Shawarata ga kwamitin ilimi ita ce, daga asusun tallafin karatu na bana a ware gurbi ɗaya ga ɗalibin digiri na biyu a fannin lafiya, bisa sharaɗin ya yi bincikensa a ƙaramar hukumar Kafur, ya kuma zo taron baɗi ya karanta mana sakamakon da Hausa.