Sana'ar Zane da Kwamfuta a Kafanchan

Garin Kafanchan, wanda ya bunƙasa albarkacin mahaɗar jirgin ƙasa tun zamanin Turawa, ya daɗe da sanin darajar sana'a, kuma tun da Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta himmatu ga koya wa matasa ilmin kwamfuta a unguwar Bayan Loko, sai wata ƙofar arziki ta buɗe ga duk wanda Allah ya hore wa basira.

Ɗalibin zane da kwamfuta yakan ɗokanta da Photoshop saboda gyaran hoto, amma a ra'ayina ya kamata ya fara laƙantar CorelDraw, domin da shi galibin maɗaba'unmu ke aiki, kuma a nan abincinsa yake: katin aure, kalandar coci da ta Islamiyya, sanarwar bikin Afan na Kagoro, da takardar da ake liƙa wa ƙunshin cittar Kachia. Wajibi ne kuma ya fahimci cewa fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, injin bugu kuwa da tawada iri huɗu, wanda shi ne sababin da shuɗi mai ƙyalli yakan fito a dushe bisa takarda.

Abin da ya fi damuna shi ne haruffa. Sau tari ƙ da ɗ da ɓ na Hausa, da wasulan harshen Tyap masu layi a ƙarƙashi, sukan salwanta wajen bugu, alhali kuwa akwai samfurin haruffa na kyauta, irin su Andika da Charis, waɗanda ke ɗauke da su duka.