Tauraron Ɗan'adam da Masu Sha'awar Ƙwallo: Ribarmu da Nauyin da ke Kanmu

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya

 

An ɗora mini nauyin yin magana a kan amfanin talabijin ta tauraron ɗan'adam ga masu sha'awar wasanni. Wani zai ce me ya haɗa ƙungiyar ci gaba da kallon ƙwallo? Ina roƙon a yi mini haƙuri har in kai aya.

Manya daga cikinmu za su tuna shekarar 1980, lokacin da Nijeriya ta ci Aljeriya uku da nema a Legas ta ɗauki kofin Afirka karo na farko. Yawancinmu da kunne muka ga wannan wasa, mun yi da'ira a gindin rediyo. A 1996 kuwa, daren da Nwankwo Kanu ya fitar da Brazil a gasar Atlanta da ci huɗu da uku, wasunmu sun bi gida gida suna neman inda ke da talabijin da janareta.

Abin da ya canza al'amarin shi ne tauraron da ke can sama, kimanin kilomita 36,000 daga doron ƙasa. Yana zagayawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa idan an saita faranti sau ɗaya ba a sake taɓa shi. Faranti bai san birni ba, bai san ƙauye ba. Muddin yana kallon sama, hoton da ya isa Legas shi zai iso garinmu. Tun da aka fara DStv a 1995, wasannin Ingila da Sifen da Italiya suka riƙa shigowa kai tsaye.

Ribar farko ita ce ilmi. Yaron da ke kallo yana ganin yadda ake tsara 'yan wasa, da yadda alƙali ke hukunta satar gida, da yadda ɗan wasa ke bin umarnin kocinsa. Ta biyu ita ce zaburarwa. Yaranmu sun ga Tijjani Babangida ɗan Kaduna a Ajax, sun kuma ga Ahmed Musa, wanda ya taka leda a Kano Pillars, ya zura wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar duniya ta 2014, ya sake zura wa Iceland biyu a 2018. Gani ya kori ji. Ta uku ita ce sana'a: mai gidan kallo, mai saita faranti, mai shayi da mai tsire duk suna samun na tuwo a daren wasa. Ta huɗu ita ce zumunci, domin a benci ɗaya ɗan Hakimi da ɗan dako suke zama.

To amma kowane allazi da nasa amanu. Wasannin Asabar a Ingila sukan faɗo daidai lokacin La'asar. Na zakarun Turai sukan fara ƙarfe takwas ko tara na dare, ɗan makaranta ya kwana yana gardama, ya wayi gari yana gyangyaɗi a aji. Caca ta laɓe a bayan ƙwallo tana cinye kuɗin samari. Ga kuma hatsarin rumfunan kwano da wayoyi barkatai: a watan Afrilun 2017 babbar wayar lantarki ta faɗo kan wani gidan kallo a Kalaba, aka yi asarar rayuka. Allah Ya kiyaye mu.

A nan maganar ta dawo kanmu. Mu da ke birni muna kallo a falonmu, ƙannenmu da 'ya'yanmu na gida kuwa suna cunkushe a rumfar da ba taga. Hana su kallo ba zai yiwu ba. Shawarata ita ce ƙungiya ta gina zauren kallo nata, mai ƙofofi biyu da iska wadatacciya, da sola maimakon janareta. A kafa masa doka: a tsaya idan an kira salla, ba caca, ba ɗan makaranta bayan Isha'i a ranakun karatu. Kuɗin ƙofa kuwa a zuba shi wajen gyaran filin ƙwallon makarantar firamare, da sayen raga da riguna, domin mai kallo ya zama mai bugawa. Da rana zauren ya zama ɗakin karatu da wurin taro.

Ina roƙon kwamitin ayyuka ya kawo mana ƙiyasin kuɗi kafin taro na gaba, kowane reshe kuma ya ɗauki rabonsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya albarkaci garinmu, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.