Kududdufin Garinmu da Kududdufin Turawa



Sa'ad da aka ce in zo in yi magana a kan wani abu na tarihin gida, na daɗe ina jujjuya al'amarin a raina. Ni mutumin Kiyako ne, ta ƙasar Birnin Kudu, kuma duk wanda ya ji an ambaci Birnin Kudu abin da yake jira shi ne labarin zanen da mutanen da suka bari a jikin duwatsu, irin na Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Wannan kuwa masana sun riga sun yi rubutu a kansa. Saboda haka na zaɓi in yi magana a kan wani tafki wanda yake nesa da garinmu, amma da gumin mutanenmu a cikin irinsa, watau tafkin Rayfield na birnin Jos.

Bari in fara daga gida. Kowane tsohon gari na ƙasar Hausa yana da kududdufi, kuma kowa ya san asalinsa. Mutane ne suka haƙi ƙasa suka kwaɓa, suka yi tubali, suka gina soraye da katanga, ramin da suka bari kuwa damina ta cika shi. A irin wannan ruwa muka koyi iyo, ko da yake da bulala ake raka mu gida. A nan muke kama tarwaɗa idan rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, manya da homa, mu yara da hannu, kowa ya yi butu-butu da taɓo. Abin da nake so ku riƙe shi ne, idan mutum ya tsaya a bakin kududdufin garinsu ya tambaya ina ƙasar da aka ɗebe daga nan, ba ya bukatar mai ba shi amsa. Waiwayawa kawai zai yi, ga ta nan tsaye, ita ce zauren mai unguwa, ita ce katangar gidansu. Haka abin yake har a birnin Kano, inda kududdufai da yawa suka samo asali daga ginin gidaje da ganuwa.

To, a hutun da ya wuce muka tafi Jos yawon buɗe ido tare da waɗansu daga cikinku. Aka kai mu Rayfield, muka tarar da ruwa shimfiɗe, shuɗi, ga iska mai sanyi, ga mutane suna hutawa a gaɓa. Muka biya kuɗi, aka ba mu rigar kariya, muka shiga jirgin ruwa aka zaga da mu, muna ta ɗaukar hoto. A tsakiyar ruwan ne na tambayi matuƙin wane kogi ne yake shigowa nan, sai ya yi dariya ya ce babu wani kogi, ramin kuza ne. Ya ƙara da gargaɗin kada kowa ya yi gangancin faɗawa, domin gaɓarsa a tsaye take kamar ta rijiya.

Da na koma gida na nuna wa kakana hotunan. Tsoho ne ƙwarai, idonsa ya yi rauni, amma ƙwaƙwalwarsa garau. Ya kai wayar kusa da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "Kai ɗan nema, watau kuɗi kuka biya aka ɗora ku a kan ramin da mu aka biya mu muka haƙa?" Na ce, "Baba Tsoho, da ma ka je Jos?" Ya ce rani uku ya yi a can yana saurayi, a wani bariki kusa da Bukur. Shekara ashirin da 'yan kai ina tare da mutumin nan, ban taɓa jin wannan labari ba, don ban taɓa tambaya ba.

Kafin in faɗi abin da ya gaya mini, ya kamata in kawo tarihin a taƙaice. Kuza ba Turawa ne suka fara gano ta ba. Tun kafin zuwansu maƙeran Liruwen Kano da na Liruwen Dalma suna wanke ta suna narkawa, suna zuba ta sirara kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwanni. Wannan ƙarfe da aka gani a hannun fatake shi ya sa Kamfanin Neja ya aiko mutanensa su bi sawu, har Kanar Laws ya hau tsaunin tsakanin 1903 da 1904 ya kafa sansani a Naraguta. Daga nan kamfanoni suka yi ta kwararowa. Aka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya wadda ta isa Bukur a 1914, aka yi amfani da ita har 1957, babbar hanya kuma ta iso Jos daga Kafancan a 1927. Akwai wani abu da ya ba ni mamaki ainun. Lokacin da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun Kamfanin Neja a 1900, ta yi masa alkawarin rabin kuɗin harajin ma'adinai na wani babban yanki na Arewa har tsawon shekara 99. Sai a 1950 aka fanshi wannan alkawari da kuɗin ƙasar nan.

Aikin yana bukatar hannuwa dubbai, aka kuwa samo su daga kowace kusurwa. Wanda yake shakka ya dubi sunayen garuruwan da suka tsiro a filin kuza: Barikin Ladi, Gindin Akwati, Sabon Gidan Kanar, Mai Idon Toro. Bakin lebura ne ya raɗa su. Mafi munin lokaci shi ne na yaƙin duniya na biyu. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila take samun mafi yawan kuzarta, sai gwamnati ta kafa aikin tilas, ta ɗora wa En'e-En'e na lardunan Arewa nauyin kawo mutane. Tsofaffi suna kiran abin ɗiban gwamna. An yi shi daga 1942 zuwa 1944, kuma a 1943 aka fitar da kuza fiye da tan 17,000, abin da ba a sake kaiwa ba. An kwaso talakawa daga ƙasa mai zafi aka kai su tsauni mai tsawon kimanin mita 1,200, ba bargo, ba wadataccen abinci. Da yawa sanyi da ciwon ƙirji suka kashe su, da yawa kuma suka gudu.

Kakana bai shiga wannan ba, yana yaro a lokacin. Shi da ƙafarsa ya tafi, bayan 1950, zamanin da Amurka take sayen wani ma'adini da ake kira kwalambait da tsada, wanda ake samu tare da kuza, Nijeriya kuwa ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Abin da ya kai shi haraji ne da kuɗin aure. Bayan an gama girbi suka tashi su biyar, suka bi ta Ningi, rabi a ƙafa rabi a bayan babbar mota. Ya ce aikinsa ɗaukar ƙasa ne da kwanon sarki. Masu diga da shebur suna ƙasan rami suna cikawa, su kuma suna hawowa a jere kamar tururuwa, heluma yana tsaye yana ƙirga. A wani gefen ga injin haƙa mai dogon wuya, wanda cibi ɗaya nasa ya fi abin da mutum zai ɗauka yini guda, ga kuma bututu mai feshin ruwa da ƙarfi yana rusa gaɓa. Ƙasar da aka fitar sai a bi ta da ruwa a cikin dogon kwami, yashi ya tafi, kuza da yake ta fi nauyi ta kwanta baƙa ƙirin. Na tambaye shi me ake yi da ita. Ya ce wallahi har ya baro wurin bai sani ba, ya dai ga ana ɗura ta a buhu ana kaiwa tasha. Ni na gaya masa cewa Libaful ake kai ta a narke, a shafe gwangwanin abinci da ita, a yi dalmar liƙi, domin masana'antar narkewa ta Makeri ba ta fara aiki ba sai bayan samun mulkin kai. Ya yi shiru, can ya ce, "Ashe gwangwani."

Abin da ya dawo da shi gida bargo ne, da fitilar ƙwai, da kuɗin da ya auri kakata, da kuma tari wanda ya ce ya yi shekara biyu bai rabu da shi ba.

Zalunci ne in ba da wannan labari kamar mu kaɗai abin ya shafa. Ƙasar da aka haƙe gonakin mutane ce, galibi na Birom, kuma su suka yi asarar da ta fi ta kowa daɗewa, domin lebura yana iya komawa garinsu, mai gona kuwa ya wayi gari gonarsa ta zama rami da tsibin jar ƙasa. Dokar ma'adinai ta 1946 ta zo da maganar gyara filin da aka ɓata, an kuma cike waɗansu wurare aka dasa itacen turare, amma abin da aka gyara kaɗan ne. A ganina, duk mai son ya fahimci rigingimun da suka auku a Jos a 2001 da 2008 da 2010, tilas ne ya san wannan tarihi, ya san yadda aka tara jikokin mai gona da jikokin lebura a wuri ɗaya, alhali wanda ya kwashi amfanin ya riga ya kama gabansa.

Kasuwar kuza ta yi ta ja da baya, har farashinta ya rushe a Landan a 1985, manyan kamfanoni suka watse. Aka bar ɗaruruwan ramuka, ruwa ya cika su. Ba zan ce ba su da amfani ba. Da ruwansu ake noman rani, kuma kabeji da karas da latas da ake lodi daga Jos zuwa kasuwannin ƙasar nan da yawa a bakinsu aka shuka su. Ana kuma kama kifi. Na ga wani dattijo a Rayfield zaune da ƙugiya, ya nuna mini 'yan karfasa huɗu da ya samu tun safe. Amma su irin namu, wanda gari duka zai faɗa ruwa da homa, ba ya yiwuwa a can, saboda zurfi. Wannan zurfin yana cin rayuka, na yara masu wanka da na dabbobi. Masana kimiyya sun kuma yi gargaɗi game da tarin dusar ma'adinan da aka bari, domin akwai masu fitar da tururi mai cutarwa a cikinta, mutane kuwa suna ɗiba suna gini. Har ila yau matasa suna shiga ƙananan ramukan da ake kira loto suna neman abin da kamfani ya rage, wani lokaci ƙasa ta rufta da su.

Na tsaya a bakin tafkin nan na yi tambayar da na ce ana yi a bakin kududdufin gida, na waiwaya. Akwai abin gani, gaskiya: birnin Jos kansa, da hanyar jirgi, da wutar lantarkin da aka jawo daga Kurra domin injinan haƙa. Amma idan aka auna da girman ramukan, ginin bai kai ba, kuma a Kiyako abin da ya iso bargo ɗaya ne. Ina faɗin haka ne domin haƙar ma'adinai ta dawo Arewa da ƙarfinta. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan masu haƙar zinariya na Zamfara a 2010, inda yara kimanin 400 suka rasu. Waɗansu daga cikin mu da muke zaune a nan, gobe su za su sa hannu a takardar ba da izinin haƙa, ko su zauna kusa da hakimi ranar da baƙo zai zo da taswira yana neman fili.

Roƙona ga ƙungiyarmu ƙarami ne. A cikin mutum biyar da suka tashi daga garinmu a wancan rani, kakana kaɗai ya rage. Na tabbata akwai irinsa a Gwaram da Ningi da Rano da sauran garuruwanku. Idan aka yi hutu, kowa ya zauna da tsohon gidansu ya tambaye shi ko ya je kuza, a wane bariki, da su wa, wa ya dawo wa bai dawo ba, ya ɗauki maganar a waya, mu tara mu buga a wannan mujalla. Ni na riga na ɗauki awa biyu, kuma ya ce in koma, akwai labarin wani abokinsa da rami ya rufta wa wanda bai gama ba ni ba.