Kafin Ki Biya Kuɗin Gwal

Jawabin da wani ɗan'uwanmu mai sana'ar gwal ya gabatar a taron ƙungiya a Sabo, Badun.

 

An nemi in yi bayani a kan yadda ake gane gwal na gaske da na jabu. Maganar ta shafe mu ƙwarai, musamman mata. Mu da ke zaune a Kurmi, da yawa daga cikinmu gwal ne asusunmu. Mace za ta ɗauki adashinta ta sayi sarƙa ko awarwaro ta ajiye domin auren 'ya ko ranar rashin lafiya. To, ranar da ta kai kasuwa aka ce mata tagulla ce, ba kuɗi kaɗai ta yi asara ba, har da guminta na shekaru. Haka kuma ake jin kunya a wajen lefe, ake rigima a wajen rabon gado.

Da farko mu san karat. Tsantsar zinari shi ne karat 24, amma yana da laushi, shi ya sa ake haɗa shi da tagulla ko azurfa. Karat 18 yana nufin kashi 18 cikin 24 zinari ne, shida kuwa haɗi ne. Idan kika duba bakin maƙullin sarƙa ko cikin zobe za ki ga lamba: 916 shi ne karat 22, 875 karat 21, 750 karat 18, 585 karat 14. Na Saudiyya da Dubai galibi 21 ne ko 22, na Italiya kuma 18. In kika ga GP ko GF ko GL, to shafe ne, wato an lulluɓe wani ƙarfe da ruwan gwal. Amma fa a kula, lamba ba shaida ba ce. Wanda ya iya ƙera jabu ba zai kasa buga 750 a kai ba.

Cuta iri biyu ce. Akwai wanda ba gwal ba ne sam. Akwai kuma gwal na gaske da aka ƙara masa karat da baki, kuma wannan ya fi wuyar kamawa. Awarwaro mai giram 20 na karat 18 yana da zinari giram 15 a ciki. In na 14 ne aka sayar miki a matsayin 18, zinarin bai kai giram 12 ba. Kin ga an tafi da fiye da giram uku ke nan, kina murmushi.

Akwai gwajin da za a iya yi a gida. Na ɗaya, maganaɗisu. Zinari ba ya bin sa, saboda haka in sarƙa ta manne, magana ta ƙare. Sai dai ɗan ƙarfen da ke cikin maƙulli yakan bi, wannan ba laifi. Kuma ita ma tagulla ba ta bi, don haka ƙin mannewa bai wanke kaya ba. Na biyu, ido. A duba inda ya fi goguwa, kamar gaɓoɓin sarƙa da cikin zobe. Shafe yakan kwaile a nan, wani launi ya leƙo, musamman da irin gumi da laimar ƙasar nan. Na uku, nauyi. Zinari ya fi ruwa nauyi sau 19, tagulla kusan sau tara. Wanda hannunsa ya saba, yana ɗagawa yakan ji, amma awarwaro mai rami a ciki yana ruɗin mutum.

Abin da nake so kowa ya tafi da shi shi ne: gwajin gida yana tona asirin wani jabun, amma ba ya tabbatar da na gaske. Tabbaci yana wurin maƙeri. Zai goga kayan a kan baƙin dutse, ya ɗiga asid a kan zanen. Asid ɗin yana cinye tagulla da azurfa, ya bar zinari, kuma kowane karat da ƙarfin ruwan da ake gwada shi da shi. In ana zargin shafe mai kauri ne, sai a ɗan kankare wani lungu da magagari a ɗiga a can. Yanzu akwai na'ura mai faɗin karat nan take, amma ita ma bayan kaya take karantawa, ba cikinsa ba. Don Allah kada kowa ya gwada asid a gida, yana ƙona fata, yana makantarwa.

Saboda haka, gwaji kafin biya, ba bayan biya ba. A auna a gabanki, duwatsun ado kuma ba gwal ba ne, a cire nauyinsu. A rubuta miki rasit mai giram da karat da sunan shago. Duk mai sayarwar da ya ƙi a kai kayansa wurin wani maƙeri, ki riƙe kuɗinki. Wanda kuma ya tare ki a tasha yana cewa tsintuwa ya yi, ko matsuwa ce ta sa zai karyar, ki tuna banza ba ta kai zomo kasuwa. Gwal yana da farashinsa na duniya kowace rana, ba a rabinsa.

Daga ƙarshe, ga 'yan'uwana masu sana'ar. Mu baƙi ne a garin nan, kuma abin da ya sa Bayarbe ke kawo wa Bahaushe kayansa shi ne amana da iyayenmu suka shuka. Mutum ɗaya in ya yi algus, ba sunansa za a kira ba, Hausawa za a ce. Mu faɗi karat na gaskiya, mu cika sikeli, ribar halas ta ishe mu.

Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu, Ya sa albarka a nema. Wassalamu alaikum.