Maigida Yana Aiki a Ƙetare: Wace Hukuma Ce Za Ta Biya Iyalinsa?



An ba ni 'yan mintoci, zan yi amfani da su a kan tambayar da ta fi yawan zuwa teburina, galibi daga bakin iyayenmu mata: "Maigida yana aiki a waje, ni da yara muna nan Mardjandafak. Muna da haƙƙin kuɗin yara? Za a rage mini haraji?"

Kuɗin yara da fansho suna bin inda ake yankar albashin ma'aikaci ne, ba inda iyalinsa ke kwana ba. A nan Cadi, CNPS tana karɓar kashi 3.5 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai aikin kuma ya zuba kashi 16.5. Wanda ba a zuba masa ba, ba shi da komai a asusun, balle matarsa. To idan maigida yana aiki da kamfani a Kuseri ko Marwa, CNPS ta Kamaru ce ke riƙe da haƙƙinsa. Sunansu ɗaya da tamu, amma aljihunsu daban. Gadar Ngeli ba ta da tsawo, a ƙafa ma ana ƙetare ta, amma a wajen takarda ƙasa biyu ce. Can kuɗin yara sefa 4,500 ne a wata ga kowane yaro tun 2024, kuma ta hannun ma'aikacin ake nema.

Najeriya wata hanya ce daban. Ba ta cikin CEMAC, ba ta cikin CIPRES, ƙungiyar asusun ma'aikata da Cadi da Kamaru da Nijar ke ciki. Ma'aikacin kamfani a Maiduguri ko Kano yana da asusun fansho na kansa: shi ya zuba kashi 8, mai aiki kashi 10, bisa dokar 2014. Hajiya, ki tambayi Alhaji sunan kamfanin da ke riƙe da asusun da lambarsa, ki rubuta ki ajiye. Ba fatan mutuwa ba ne. A Saudiyya kuwa ba a cire harajin albashi, amma baƙo ba ya samun fansho. Abin da zai samu shi ne kuɗin sallama idan ya gama aiki.

Sai batun haraji. Nan gara in faɗa muku gaskiya ko da ba daɗi. Fatanti na shago ne. Ana duba irin sana'ar da yawan cinikinta, ba a duba ko maigida yana gida ko yana Jidda. Uwargida mai rumfa a Kasuwar Dembe za ta biya daidai da maƙwabciyarta. Duk wanda ya ce ki ba shi wani abu ya nemo miki ragi saboda mijinki ba ya ƙasa, kuɗinki yake so. Shi kuma maigida ya riƙa adana takardun albashinsa, domin su ne shaidar ya biya haraji a inda yake aiki.

Yanzu ga inda na fi so ku saurare ni. Yawancinmu a masallaci aka ɗaura mana aure, da waliyyai da shaidu da sadaki, kuma aure ya ɗauru. Amma ma'aikacin CNPS ba ya tambayar liman. Takardar aure ta ofishin magajin gari yake nema, da takardar haihuwar kowane yaro. Mutum ya yi shekara 15 ana yankar albashinsa, wata 180 ke nan, Allah Ya yi masa rasuwa, matarsa ta je da yara biyar a ce mata ina shaida. A lokacin takaba za ta fara bin kotu, a ƙasar da ba tata ba. Mai mata fiye da ɗaya ya tabbatar kowace tana da takarda, domin rabon matan raba shi ake yi tsakanin waɗanda aka rubuta.

Ku kuma duba rubutun suna. Mahamat a takardar Cadi, Muhammadu a ta Najeriya, Mohamadou a ta Kamaru: mu mun san mutum ɗaya ne, kwamfuta ba ta sani ba. Yaron da ba a yi wa takarda da wuri ba, sai an bi ta kotu an karɓo jugement supplétif, kuma ya fi sauƙi yayin da mahaifinsa ke raye.

Alhazanmu masu motoci, direbobinku da ke bin hanyar Fotokol da Gamboru su ma masu iyali ne. Ku yi musu rajista a CNPS.

Duk mai son in duba masa takardunsa, ya kawo na maigida da na uwargida da na yara gaba ɗaya, ina ofis bayan la'asar.