Bayan An Cire Yanar Ido: Aikin Da Ya Rage A Gida

 

Binciken makanta da aka gudanar a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa a cikin mutanen da suka kai shekara 40, sama da huɗu a kowane ɗari makafi ne, kuma yanar ido ce ta haddasa kusan kashi 43 na wannan makanta. Cire ta ba ya ɗaukar lokaci. A Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA da ke Kano, ƙwararren likita kan gama cikin ƙasa da rabin awa. Amma warkewar ido tana ɗaukar mako huɗu zuwa shida, kuma a gida ake yin su, inda babu likita babu nas. Abin da mu ma'aikatan jinya muka koya wa mara lafiya kafin sallama, shi kaɗai zai bi shi gida.

To, yaya muke koyarwar? Sau da yawa a tsaye, layi na jira, mu karanto dokoki, mu ce, "Baba, kun gane?" Dattijo kuwa kara ba za ta bar shi ya ce wa sa'ar 'yar cikinsa bai gane ba. Zai ce "To." Roy Kessels, a wata maƙala ta 2003, ya kawo cewa marasa lafiya kan manta kashi 40 zuwa 80 na bayanin likita nan take. Ina ga wanda ido ɗaya ke rufe da bandeji, ga yunwa, ga tunanin kuɗin mota?

Shi ya sa nake roƙon mu daina tambayar "kun gane". Mu nemi wanda zai riƙa ɗiga maganin ido, ko jika ne ko matar ɗa, mu miƙa masa kwalbar ya yi a gabanmu. Ya wanke hannu da sabulu, ya ja fatar ido ta ƙasa, ya sa ɗigo ɗaya ba tare da bakin kwalba ya taɓa gira ko ido ba, ya jira kamar minti biyar kafin magani na biyu. A nan za ku ga mai matse rabin kwalba don a warke da wuri, da mai goge bakinta da gefen zane. Gara a gyara masa a gabanmu. Lokutan ma, "sau huɗu a rana" ba ya zama a kai kamar a ce bayan asuba, azahar, magariba da lokacin kwanciya.

Inda na fi so mu tsaya shi ne tambayoyin da ke cikin zuciyar mara lafiya, waɗanda takardar sallama ba ta amsawa. Mun ce kada ruwa ya shiga ido. Shi kuwa alwala yake tunani. Mun ce kada ya sunkuya a kwanakin farko, shi kuwa sujada ce a ransa. In ba mu ambaci waɗannan da sunansu ba, zai zaɓi sallarsa, kuma ba za mu ga laifinsa ba. Alhali addini ya yi sauƙi: akwai taimama, wadda a mazhabar Malikiyya ana iya yin ta da dutse mai tsabta ba sai an kai ƙura fuska ba, akwai kuma salla a zaune da nuni. Mu faɗa masa adadin kwanakin da likitansa ya yanke, in zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi limamin unguwa. Haka Inna: wa ya gaya mata ta ajiye kwalli, ta nisanci hayaƙin murhu da sharar tsakar gida, balle a hunturu?

Sai maganin da ke rage kumburi, irin su dezametason. Yana sa ido ya yi fari, ya yi sanyi, don haka in ya ƙare wasu kan ɗauki kwalbar zuwa kemis su sake saya, wata da watanni. Wannan na iya jawo hawan jinin ido, ya kashe jijiyar gani a ɓoye, kuma ganin da ya tafi ta nan ba ya dawowa. Dole a faɗi ranar dainawa kamar yadda aka faɗi ranar farawa.

Abu uku kuma ba a jiran ranar dawowa a kansu: ciwo mai ƙaruwa, gani yana raguwa bayan ya fara washewa, da ja ko kumburi mai fitar da mugunya. Ƙwayoyin cuta in sun shiga cikin ido, cikin 'yan kwanaki suke cinye shi. Mai jinya ya maimaita mana ukun nan da bakinsa, mu rubuta masa lambar wayar da za a ɗauka, mu kuma tambaye shi tun kafin ya fita ko yana da kuɗin motar dawowa in abin ya faru da dare.